Yadda Za Ka Gyara Firji da Firiza da Hannunka Kafin Ka Yarda Cewa Gas Ya Ƙare

A ƙauyukan Kano da Jigawa, da zarar firji ya daina sanyi, hukuncin da ake yanke masa ɗaya ne: gas ya ƙare. In kuma ya ƙi tashi gaba ɗaya, sai a ce kwamfresa, wato injin da ke tura gas, ta ƙone. Daga nan sai a nemo mai ƙurƙura a ɗora shi zuwa Wudil, Bichi, Gumel ko Haɗejiya, a biya kuɗin kaiwa da dawowa, a biya na gas, bayan sati biyu kuma a koma gidan jiya. Alhali gas ɗin firji ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, kuma muddin bututun bai huje ba, zai shekara goma yana nan yadda aka zuba shi. Abubuwan da suka fi tsayar da firji a karkara su ne rashin ƙarfin wuta, rile (mai taimaka wa kwamfresa tashi), obalod (mai katse mata wuta in ta yi zafi), tamostat (mai daidaita sanyi), robar ƙofa da ƙura. Duk waɗannan mai gida ko mai shago zai iya dubawa ya canza da kansa.

Ka tanadi testa, sukundireba mai faɗin baki da mai tauraro, filaya mai dogon baki, baƙin tef, tocila, tsohon burushin fenti, da mitar awon wuta ta hannu. Mitar nan ita ce idonka a wannan aiki, in babu ita canki-canka kawai za ka yi ta yi. Wayarka ma kayan aiki ce: kada ka zare ko waya ɗaya sai ka ɗauki hoton yadda ka tarar da ita.

Kafin ka sa hannu a bayan firji, zare fulogi daga soket gaba ɗaya. Kashe makunni bai isa ba, domin a gidaje da yawa an juya wayoyin, makunnin yana katse wayar da ba ta da wuta, mai wutar kuma tana nan daram. Ka sa takalmin roba, ƙasa ta zama busasshiya, a kori yara daga wurin. Sannan ka nemo takardar da ke manne a baya ko a cikin firjin ka ɗauki hotonta. A nan aka rubuta irin gas ɗin da ke ciki da nauyinsa, da ƙarfin wutar da yake so, da wasu haruffa da za mu zo kansu.

Fara da kunne da tafin hannu

Jona shi ka tsuguna ta baya kusa da kwamfresa, wato baƙin injin nan mai zagaye da ke ƙasa, ka ba shi minti goma. Ɗayan huɗu za ka gani. Ko dai shiru ko'ina, har fitilar ciki ba ta kawowa. Ko fitila ta kawo amma kwamfresa ta yi tsit. Ko ka ji gurnani na daƙiƙa uku zuwa goma, sai wani ƙara ƙyas, sai shiru, bayan minti biyu zuwa biyar a sake maimaitawa. Ko kuma kwamfresa tana ta aiki ba hutawa amma sanyin bai taka kara ya karya ba. Kowanne da inda yake nunawa.

Na farkon shi ne mafi sauƙi. Jona rediyo ko cajar waya a soket ɗin ka gani ko yana bayarwa. In yana bayarwa, kwance fulogin ka duba fis ɗin ciki, mai lamba 13, ka auna shi; in ya yanke sa sabo, kada ka naɗe shi da zaren waya. Duba ko ƙafafun fulogin sun yi baƙi ko robar ta narke, alamar soket ya saki ke nan, a canza su duka biyu. Sai ka bi igiyar wutar da yatsa tun daga fulogi har inda ta shiga firjin. Ɓeraye na son ɗumin kwamfresa, musamman a shagon da ake ajiye hatsi, kuma a nan suke yin sheƙa su ci wayoyi. Wayar da aka ci, yanke wurin ka haɗa da kyau ka naɗe kowace ita kaɗai. A ƙa'ida mai launin ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa ce, mai kare mutum daga jan wuta.

Gurnani da ƙyas: auna wuta tukuna

Wannan ƙarar ita ce ta fi jawo a sayar da lafiyayyar firiza ga 'yan jari-bola. Abin da ke faruwa shi ne kwamfresa tana yunƙurin tashi ta kasa, sai ta ja wuta mai yawa, obalod ya yi zafi ya katse. Shi ne ƙyas ɗin da kake ji. In ya huce ya sake haɗawa, a sake yunƙuri. Da ka ji haka, zare fulogi, kada ka bar ta ta kwana tana yi, domin kowane yunƙuri gasa wayoyin cikin kwamfresar yake.

Juya mita zuwa awon wutar gida, a kan 600 ko 750, ka sa tsinkayenta a soket. Wutar da KEDCO ke rarrabawa a Kano, Jigawa da Katsina ma'auninta bolt 230 ne, amma ƙauyen da ke ƙarshen layi, ko inda gidaje da injinan niƙa suka yi wa tiransifoma ɗaya yawa, za ka iya ganin 170 ko 150, musamman daga magariba zuwa bayan isha'i. Da wutar ta yi ƙasa da 180, yawancin kwamfresoshi sai su fara shan wahalar tashi. Ka auna sau biyu: firji a kashe, da kuma daidai lokacin da yake gurnani. In a kashe kana ganin 210, amma da ya yunƙura sai ta faɗi zuwa 160, to laifin na wayar da ta kawo wutar ne. Siririyar wayar nan da ake jawowa daga gidan maƙwabci ko daga janareto mai nisa ba ta iya ɗaukar nauyin tashi. Sa wayar da masu sayarwa ke kira 1.5mm, in tazarar ta wuce mita goma sha biyar sa 2.5mm, kuma a raba firji da soket ɗin da ke ɗauke da dutsen guga ko hita.

Ƙaramar firiza in ta tashi wat 100 zuwa 150 kawai take ci, amma a daƙiƙar tashi tana jan ninki biyar ko fiye. Shi ya sa ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yake shaƙewa in an jona masa ita. In dole sai da shi, kashe komai, a bar shi ya ɗumama, a jona firiza ta fara tashi, sannan a kunna fitilu. Ga wutar NEPA kuwa, sitabilaiza mai 1000 ta isa ƙaramin firji, babbar firiza a ba ta mai 2000, kuma a duba jikinta a ga daga bolt nawa take iya ɗagowa. A kunna maɓallin jinkirinta. Dalili kuwa, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin gas bai daidaita a cikin bututu ba, rile ma bai huce ba, kwamfresa ba za ta iya juyawa ba. Minti biyar ake ba ta. Haka nan in za a sauya daga NEPA zuwa janareto.

Canza rile da obalod

In wuta ta kai 200 ko fiye kuma ƙarar ba ta daina ba, sai a buɗe. A gefen kwamfresa akwai wani baƙin murfin roba da ƙarfe ko ɗan kunne ya riƙe. Sa bakin sukundireba ka ɓalle shi a hankali. A ciki za ka ga ƙafafu uku na ƙarfe sun fito daga jikin kwamfresar. Rile yana zaune a kan biyu, obalod a kan ta ukun. A wasu an haɗe su cikin gida ɗaya. Ɗauki hoto. Riƙe rilen ka ja shi kai tsaye zuwa gare ka, kana ɗan girgizawa, kada ka lanƙwasa ƙafafun.

Rilen zamani ɗan akwatin roba ne da wani farantin dutse a ciki wanda faɗinsa bai kai santimita biyu ba. Aikinsa ya ba wayar tashi wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, da ya yi zafi ya rufe hanya. Kai shi kusa da kunne ka kaɗa. In ka ji ɓaraguzai na motsi, farantin ya farfashe. Sunsuna shi, ka duba ramukan ko sun yi baƙi. Sannan juya mita zuwa om 200, wato wajen awon tirjiya mai alamar Ω, ka sa tsinkaye a ramuka biyun da ke hawa ƙafafun. Lafiyayye in ya huce zai nuna kusa da lambar da ke jikinsa, galibi 12, 15, 22 ko 33. In mita ta tsaya a kan 1 ko OL, alamar hanya ta yanke ke nan, ya mutu.

A yi hattara da tsofaffin firji, irin na Beljiyam da suka kwana biyu. Nasu rilen mai naɗin wayar tagulla ne a waje, kuma shi ko da lafiyarsa ƙalau in ka kaɗa zai yi ƙara, saboda akwai ɗan ƙarfe mai hawa da sauka a ciki. Irin wannan yana da sama da ƙasa. In aka sa shi a kife ba zai yi aiki daidai ba, kuma dole ya dace da girman kwamfresar.

Obalod kuma, in ya huce, mita za ta nuna kusan sifili tsakanin bakinsa biyu. In bai nuna komai ba, ko robarsa ta tsage, a canza. Ana sayar da shi gwargwadon ƙarfin kwamfresa: 1/8, 1/6, 1/5, 1/4. Ƙarami zai riƙa katsewa ba dalili, babba kuma ba zai katse ba sai kwamfresa ta gasu. Wasu masu gyara kan cire shi su haɗa waya kai tsaye don firji ya tashi a gaban mai shi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ranar da wuta ta yi ƙasa cikin dare babu abin da zai kare kwamfresar, kuma gobara na iya tashi.

Tun da murfin a buɗe yake, auna kwamfresar ita kanta kafin ka kashe ko sisi. Auna ƙafafun bibbiyu, sau uku, ka rubuta. Ƙananan lambobi biyun in aka tara su dole su ba da babbar. Misali ka sami 16 da 24, ta ukun ta zama 40 ko kusa da haka. In wani awon ya nuna OL, wayar ciki ta yanke. In ya nuna sifili, ta haɗe. Sai awo na ƙarshe: kai mita kan om mafi girma, tsinke ɗaya a ƙafa, ɗaya a kan bututun tagulla da ka ɗan kankare. Bai kamata ta nuna komai ba. In ta nuna lamba, wuta na zuba a jikin ƙarfen, kada a sake jona wannan firjin sai an canza kwamfresa.

Wasu suna da kafasta, wani ɗan gwangwani mai wayoyi biyu da aka rubuta wa 3, 4 ko 5 µF da bolt 400 ko 450. Tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, don haka haɗa bakinta biyu da sukundireba mai hannun roba kafin ka taɓa. In ta kumbura ko ta yi yoyo, sayo mai lamba ɗaya da ita.

Wajen saye, tafi da tsohon a aljihu tare da hoton takardar jikin kwamfresa. Ko a garin ƙaramar hukumarku ne, ko sai an aika Sabon Gari a Kano, maganar ita ce: "Maigida, irin wannan nake so, mai ƙafa kaza, om kaza." Ƙirga ƙafafun da wayoyi ke hawa, akwai mai ɗaya, mai biyu, mai uku, mai huɗu. Ka sayi rile da obalod tare, kuma in hali ya yi ka ɗauki biyu-biyu, domin kuɗin motar komawa ya fi kuɗinsu. Wanda ya fi kowane araha, mai ƙafafu sirara da ke lanƙwashewa da yatsa, bar shi a wurin. Araha ba ta ado.

Wajen mayarwa, fara sa obalod a ƙafar da ke ita kaɗai, sannan rile, ka danna har ya zauna. Mayar da wayoyi kana kallon hoto. Bakin wayar da ya yi sako-sako ka ɗan matse shi da filaya, domin sako-sako ne ke haifar da zafin da ke cinye sabon rile. Rufe murfi, jona. Lafiyayyar kwamfresa za ta tashi cikin daƙiƙa biyu da sauti mai laushi. Bayan minti biyar siririn bututun da ke fita daga jikinta zai yi zafi, bayan minti ashirin bangon ciki zai fara sanyi. In wuta ta isa, awo ya yi daidai, rile sabo ne, amma har yanzu gurnani da ƙyas, to ƙarfen cikinta ne ya cije. Wannan kam sai mai gyara.

Firjin da aka rubuta wa inbata a ƙofa ba shi da rile, allon lantarki ne ke tuƙa kwamfresarsa, kuma ƙafafunta uku lamba ɗaya suke nunawa. Kada a kuskura a ba ta wutar soket kai tsaye. Firizar sola mai bolt 12 ko 24 kuwa, in ta ƙi tashi fara auna batir, ka duba kan batir ko ya yi tsatsa, ka tabbata wayar gajera ce mai kauri. Tana da 'yar fitila mai ƙiftawa, kuma a yawancinsu ƙiftawa ɗaya na nufin batir ya yi ƙasa.

Tamostat

Fitila na kawowa, kwamfresa ko motsi: tamostat ake fara zargi. Shi ne abin da ke bayan maɓallin nan mai lamba 1 zuwa 7. A firji yana ciki kusa da fitila, a firizar kwance yana ƙasa ta gefe. Yana da wani siririn bututu mai kama da waya da ke shiga bango yana jin sanyi. Zare fulogi, cire maɓallin, kwance tamostat ɗin, zare wayoyi biyun da ke kai wuta zuwa kwamfresa. Murɗa shi zuwa 4 ka auna bakin biyun. Tun da ciki da ɗumi, ya kamata mita ta nuna kusan sifili. In ba ta nuna ba, ya lalace, galibi saboda siririn bututun ya tsage iskar cikinsa ta fice. Don tabbatarwa, haɗa wayoyin biyu da guntuwar waya, naɗe da tef, jona. In kwamfresa ta tashi, an gano ɓarawon.

Masu sayar da ƙanƙara da yawa sukan bar shi a haɗe haka. Inda wuta ke zuwa awa uku ko huɗu a yini ba za a ga illar nan take ba, tun da dama firizar ba ta kai sanyin da za ta huta. Amma ga mai sola ko janareto asarar batir da mai ce, a firjin gida kuma tumatir da ƙwai da magani duk za su daskare. Gara a sa sabo.

Na firji daban, na firiza daban, ko da kamanninsu ɗaya. Firji digiri 3 zuwa 5 ake so, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Karanta lambar jikin tsohon a ba ka irinsa, bututun kuma ya kai tsawon na da ko ya fi. Kafin ka zaro tsohon bututun, naɗa tef daidai inda ya shiga rami, don ka san zurfin da za ka tura sabon. Ragowar tsawon ka naɗe shi da faɗi, kada ka karya shi, kada ka yanke, kada ya taɓa bakin wayoyi. In bai shiga har inda ya kamata ba, ba zai ji sanyi ba, kwamfresa ba za ta huta ba. Bar maɓallin a 3 ko 4. Kai shi 7 da bazara ba ya ƙara saurin sanyi, hutun kawai yake hanawa.

Yana aiki, sanyi babu

A nan ne ake yawan cewa gas, kuma a nan ne ya kamata a fi jinkirin yarda. Fara da robar ƙofa. Sa takardar naira a bakin ƙofa ka rufe ka ja. In ta zare ba tare da ta riƙe ba, iska mai zafi na shiga ta nan. Zagaya ko'ina, musamman kusurwoyin ƙasa. Sau da yawa datti ne kawai, zoɓo ko kunun aya ya zuba ya bushe a cikin ninkin. Wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Inda ta lotsa, ɗora tsumman da aka tsoma a ruwan zafi na minti biyu, ka jawo ta waje da yatsa, ka cusa 'yar auduga a bayan ninkin, ka rufe ƙofar ta kwana. Akwai maganaɗisu a cikinta, in ta yi laushi da kanta za ta kama.

Wadda ta tsage ko ta bushe ƙamas sai canji. Ɗaga leɓenta ka ga yadda aka riƙe ta: wata a cikin kwari ake danna ta, wata kusoshi ne a ƙarƙashi. Auna tsawo da faɗi daga kusurwa zuwa kusurwa, ka yanki ɗan guntu a tafi da shi don a dace da siffar. Jiƙa sabuwar a ruwan ɗumi minti goma ta miƙe. Fara da kusurwoyi huɗu, sannan ka bi tsakiya. Mai kusoshi sassauta su kawai za ka yi, ka cusa leɓen, ka ɗaure kaɗan-kaɗan kana gwada rufewa, in ba haka ba ƙofar za ta murɗe. Shafa ɗan basilin a gefen da ƙofar ke juyawa don kada ta naɗe. In ƙofar ce ta sunkuya, ɗaure kusoshin maratayinta, ka ɗan ɗaga ƙafafun gaba yadda za ta riƙa rufe kanta. Firizar shago kuma a daina zama a kanta ana hira, a daina ɗora mata kiret. Abin da ke lotsa murfi ke nan.

Sai ƙura. Baƙin ragar bututu da ke baya ta nan zafin ciki ke fita. Bayan hunturu za ka same ta ta yi kauri da ƙura da yanar gizo. Share da burushi, a bar tazarar santimita goma tsakaninta da bango. In akwai fanka kusa da kwamfresa, juya ta da yatsa. Wadda ta cije a share a ɗiga mata mai, in ta ƙi a sa sabuwa mai girma ɗaya. Yawancin firizar kwance ba su da raga, bututun na cikin bangonsu, shi ya sa jikinsu ke ɗumi. Lulluɓe ta da bargo in an ɗauke wuta dabara ce mai kyau, amma da wuta ta dawo a yaye, in ba haka ba zafin ba shi da mafita.

Yanzu koma kan haruffan takardar nan. N na nufin an yi firjin don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano da Jigawa kan haura 40, shagon kwano kuma ya fi haka. Firjin hannu da aka yi don Turai mai N, in ya gaza da tsakar rana ya dawo daidai da asuba, ba lalacewa ya yi ba, kuma ƙarin gas ba zai taimake shi ba. Inuwa yake so da iska, a kuma rage buɗe shi.

Akwai kuma lodi. A takardar firiza an rubuta kilo nawa take iya daskarwa a awa 24. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, rabin kilo ke nan, jaka mai ashirin kuma kilo goma. Firizar da aka rubuta wa kilo 10 ko 12, in aka danƙara mata jaka shida na ruwan da ya sha rana, kamar yadda ake yi da azumi, kuma wutar awa biyar ce, ba za ta ba da ƙanƙara ba ko sabuwa ce fil. A jera su jikin bango, a bar 'yar tazara, a riƙa sawa kashi-kashi.

Ƙanƙarar da ta taru a bango ta kai kaurin santimita ɗaya ita ma tana tare sanyi. Kashe, kwashe kaya, sa tukunyar ruwan zafi a ciki kan tsumma, rufe na minti goma sha biyar, sannan a ture da cokalin katako. Wuƙa da sukundireba su ne suka fi kashe firji a gidajenmu, domin bututun na nan a ƙarƙashin fatar alminiyam mai laushi. Garin neman gira a rasa ido. In tsautsayi ya sa an huda har an ji fiii, zare fulogi nan take, buɗe taga, kada a kunna ashana ko risho, a toshe ramin da tef don ruwa kada ya shiga, kuma kada a sake jonawa.

Firjin da ba ya tara ƙanƙara, mai fanka a sama, in samansa na sanyi ƙasa babu, danna maɓallin ƙofa ka saurari fankar. In tana juyawa amma iska ba ta saukowa, kashe shi ka bar ƙofofi a buɗe kwana ɗaya. In ya dawo daidai, bayan kamar sati ya koma, na'urar narkar da ƙanƙara ce ta tsaya. Cire bangon roba na cikin sama. Hitar da ke ƙarƙashin bututun za ta nuna om ɗari biyu zuwa ɗari huɗu, don haka kai mita kan 2000. In OL ce a canza. Ɗan fis ɗin zafi da ke kusa da ita ya nuna sifili. Ɗan maɓallin da ke maƙale a bututu sai yana cikin tsananin sanyi yake haɗawa, saboda haka a auna shi yana daskare. In duka lafiya, taima ce, wato ɗan agogon da ke kunna hitar lokaci-lokaci: murɗa ta a hankali ta inda agogo ke juyawa har ta yi ƙyas, kwamfresa ta tsaya, in bayan rabin awa ba ta tashi da kanta ba, sa sabuwa.

Ruwa na taruwa a ƙasan firji? Ramin da ke bangon baya ne ya toshe. Tura ruwan ɗumi da sirinji har ka ji yana zuba a farantin da ke kan kwamfresa. Ƙarar kaɗawa kuwa galibi bututu biyu ne ke gogar juna, ko ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa. Firjin da ke jan mutum in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu a kashe shi a take, a duba wayar da ɓera ya ci, a yi awon kwamfresa da jikin ƙarfe, a kuma kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa ya haɗa ta da soket.

In da gaske gas ne

Alamunsa: kwamfresa na aiki, amma ragar baya ko bangon firiza ba ɗumi, ƙanƙara a kusurwa ɗaya kawai take fitowa, wani lokaci kuma ka ga maiƙo a mahaɗar bututu. Wannan ba aikin gida ba ne, yana buƙatar walda da injin zuƙe iska, kuma R600a da ke cikin yawancin sababbin firji yana kama wuta. Abin da ya rage gare ka shi ne ka tsaya a kan aikin. Ce masa: "Malam, a nuna mini inda yake yoyo kafin a zuba." A toshe wurin, a canza filta, wato ɗan bututun tagulla mai kauri da ke ƙarshen raga, a zuƙe iska, sannan a zuba irin gas ɗin da aka rubuta da nauyin da aka rubuta. R600a sau da yawa bai kai giram 100 ba, kuma in ya yi yawa sanyin raguwa yake. Kada a zuba R134a a kwamfresar R600a ko akasin haka, domin gininsu da man cikinsu ba ɗaya ba ne, kada kuma ka yarda da gas ɗin girki komai arharsa. In yoyon na cikin bango ne inda ba a iya kaiwa, lissafa kuɗin sabon bututu da na aiki ka gwada da kuɗin wata firizar kafin ka amince.

Wajen kaiwa da dawowa a ɗaure shi a tsaye. In hanya ta tilasta aka kwantar, man kwamfresa zai gangara cikin bututu, don haka a tsayar da shi a gida ya kwana ya yini kafin a jona. Wanda ya zo a tsaye, awa huɗu ta ishe shi.